Yadda za ka shirya wasan cankar kalma na kullum a kan shirin CID, da Hausa

Duk wanda ya taɓa zaman kallon CID, shirin talabijin na Indiya a kan 'yan sanda masu binciken laifi, cikin jama'a ya san halin. Tun kafin ACP Pradyuman, shugaban masu binciken, ya ɗaga hannu ya fara murza yatsu, kowa a falon ya riga ya kama nasa mai laifin. Wannan ya ce direban ne, waccan ta ce ina, matar ce, ku dubi kukan da take yi ba hawaye. Wannan ƙaiƙayi na son canka kafin a faɗa shi ne jarin wasan da za mu shirya. Kowace rana a ɓoye kalma ɗaya mai harafi biyar wadda ta shafi duniyar shirin, a ba kowa dama shida ya gano ta. Ba sai ka iya haɗa manhaja ba. Littafin rubutu, biro, waya mai WhatsApp, sai 'yan uwa ko abokai biyar zuwa goma sha biyar waɗanda ba sa son a riga su. Da haka muka fara a gidanmu, kuma yawancin kurakuran da zan ja maka kunne a kansu ni na tafka su da hannuna.

Dokar wasan aro ce daga Wordle, wanda Josh Wardle, injiniyan manhaja ɗan yankin Wales mazaunin New York, ya ƙirƙira don shi da abokiyar zamansa, sannan ya sake shi ga duniya a Oktoban 2021. A farkon Nuwamba mutum 90 ke buga shi, zuwa farkon Janairun 2022 sun kai 300,000, kafin watan ya ƙare jaridar New York Times ta saye shi. Daga nan aka yi ta haifa masa 'ya'ya, na mawaƙa, na ƙwallo, na fina-finai, kowanne da jerin kalmominsa. Namu irinsu ne, sai dai da Hausa, kuma alƙalinsa mutum ne.

Na zaɓi CID ne saboda dalili biyu. Shirin ya fara fita a tashar Sony ta Indiya ranar 21 ga Janairun 1998, ya gudana har Oktoban 2018, fitowa 1,547, sannan ya dawo a Disamban 2024, don haka babba da yaro kowa ya san wani abu a kansa. Na biyu, yawancin shari'o'insa a fitowa ɗaya ko biyu ake buɗe su a rufe su. Kalmar yau ba za ta tona wa wanda ke baya a kallo ƙarshen labari ba. In kuwa naku shirin daban ne, matakan duk ɗaya ne, jerin kalmomi kawai za ka sauya.

Mataki na 1: Koyi alƙalancin kai kaɗai tukuna

Ɗan wasa zai turo maka kalma mai harafi biyar, kai kuma ka mayar masa da akwati biyar. Kore 🟩 na nufin harafin yana cikin amsar kuma a gurbinsa yake. Rawaya 🟨 na nufin yana ciki, amma ba nan ne mazauninsa ba. Fari ⬜ na nufin babu shi.

A ce kalmar yau TARKO ce. Ga yadda wasan mai hankali zai tafi:

LAIFI ⬜🟩⬜⬜⬜
SANDA ⬜🟩⬜⬜⬜
KURTU 🟨⬜🟩🟨⬜
TARKO 🟩🟩🟩🟩🟩

Dubi abin da ya faru a layi na uku. Ɗan wasan ya san A ce ta biyu, R ce ta uku, kuma akwai K da T. T ba ta huɗu ba ce, kuma da wuya kalmar Hausa ta ƙare da T, to ita ce ta farko. K ba ta farko ba ce, to ta huɗu ce. Saura wasalin ƙarshe: I ta faɗi tun a LAIFI, U ta faɗi a KURTU, A ta ƙarshe ta faɗi a SANDA. Saura O da E. Wannan ɗan lissafin shi ne daɗin wasan gaba ɗaya, kuma shi ne ya yi kama da aikin masu bincike: kowa ana zarginsa, ana cirewa ɗaya bayan ɗaya.

Ka ɗauki takarda ka yi wa kanka irin wannan sau goma kafin ka sanar da kowa.

Mataki na 2: Tara kalmomi, a nan gizo ke saƙar

Wordle na asali yana da jeri biyu: amsoshi 2,315 da aka tace da hannu, da wani babban jeri na kusan kalmomi 13,000 da aka yarda a gwada. Abokiyar zaman Wardle ce ta zauna ta ware kalmomin da mutum zai iya sani daga waɗanda sai ƙamus ya san da zamansu. Kai ma jeri biyu za ka yi, amma na biyun ba sai ka rubuta ba: duk kalmar Hausa ta gaskiya mai harafi biyar an yarda a gwada ta, ko ta shafi shirin ko ba ta shafa ba. Na farkon ne aikinka. Ka nemi kalma 90, abincin wata uku ke nan. Kada ka buɗe wasa da ƙasa da 30.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka kalli fitowa biyar da littafi a cinya, duk abin da ka gani ko aka ambata ka rubuta sunansa da Hausa, daga baya ka ƙirga haruffa. Ni kwando huɗu nake zubawa.

Na ofis da kotu: LAUYA, SAJAN, KURTU, ANKWA, SANDA, ƊAURI, ZARGI, HUJJA, GANAU, LAIFI.

Na aika-aika: FASHI, ZAMBA, HARBI, TARKO, ƘARYA, SIRRI, SHAƘE, ƘWACE, BINNE, YANKA.

Na ɗakin gwajin Dakta Salunkhe, likitan da ke binciken gawa a shirin, da abin da ake tsinta a wurin da abu ya faru: GWAJI, YATSA, GASHI, ƘASHI, FARCE, AGOGO, IGIYA, KWAƊO.

Na dalilin laifi, wato abin da mai laifi ke faɗa yana kuka bayan ya sha marin Daya, ƙaƙƙarfan jami'in shirin: KISHI, FANSA, AMANA, BASHI, FUSHI, TSORO, KUNYA.

Guda 35 ke nan, ka riga ka samu fiye da wata.

Da ka fara za ka ci karo da wani abu da ya ba ni haushi da farko. Kalmomin da suka fi dacewa da shirin ba su da harafi biyar. Kotu, gawa, guba, jini, kisa, sata, wuƙa, beli, ƙofa, duk huɗu ne. Alƙali, ɓarawo, shaida, sufeto, tuhuma, duk shida ne. Ba tsautsayi ba ne, ginin harshen ne: gaɓar Hausa ta fi son baƙi da wasali, baƙi da wasali, don haka kalmomi sun fi faɗawa a huɗu ko shida. Biyar ɗin Turanci aka yanka wa. Kada ka yi faɗa da harshe. Ka bar biyar a ranakun mako, ka ware rana ɗaya, mu Juma'a muka ɗauka, ta zama ranar babban fayil: harafi shida, dama bakwai. A nan ALƘALI da ƁARAWO da SHAIDA za su samu wuri, har da TARIKA, mataimakiyar Dakta Salunkhe, da MUMBAI, garin da labarin ke faruwa. Harafi huɗu kuwa ban ba ka shawara ba. Da ka samu A biyu, sai ka ga kalmomi sun yi maka yawa kamar ƙudan zuma, gawa, gaba, gada, gara, dama ta ƙare kana lalube.

Sunayen jami'an shirin fa? Ka sa su kaɗan kamar gishiri, ɗaya a cikin goma ya isa. PURVI da VIVEK harafi biyar ne, amma P da V ba 'yan gida ba ne a rubutun Hausa, wanda bai san shirin sosai ba ba shi da hanyar kai wa gare su da lissafi. TASHA ta fi su kyau nesa ba kusa ba: sunan jami'a ce a shirin, kuma kalmar Hausa ce da kowa zai iya faɗawa kanta. PRADYUMAN da ABHIJEET sun yi tsawo, su zauna a alamu.

Gwajin kowace kalma ɗaya ne. In aka bayyana ta da dare, wanda ya faɗi zai ce "kash, ai na sani", ko zai ce "wannan kuma daga ina"? In na biyun ne, goge ta. Sannan ka tuna akwai iyaye da yara a wasan. Kalmar batsa ko mai tayar da zuciya ba ta da wuri, New York Times ma ta cire wasu kalmomi daga jerin bayan ta saya. Haka kuma in wani abin baƙin ciki ya faru a unguwa ko a dangi, kuma kalmar ranar ta zo HARBI ko BINNE, ka tsallake ta ba tare da ka yi wa kowa bayani ba.

Mataki na 3: Yanke hukuncin rubutu kafin rigima ta taso

Tun ran gini ran zane. Abu biyar ne, ka rubuta su ka liƙa a saman zaurenku na WhatsApp tun ranar farko.

Baƙaƙe masu ƙugiya haruffa ne masu zaman kansu. Ƙ ba K ba ce, Ɗ ba D ba ce, Ɓ ba B ba ce. Shirin kansa ya ba mu misali kyauta: DAYA mutum ne mai ɓalle ƙofa, ƊAYA lamba ce. A makonmu na biyu amsa ta zo ƘARYA, ƙanwata ta turo KARYA a damarta ta ƙarshe, na ba ta fari ɗaya da kore huɗu. Sai ga saƙon murya: "Yaya, wallahi wannan zalunci ne, ka san abin da nake nufi." Kwana biyu ana ja, har kawunmu da ya koyar da Hausa a firamare ya shigo ya ce, "'Yar nan, in Dakta Salunkhe ya tono ƙashi kika rubuta mini ba ƙugiya, me kika ce ya tono?" Daga ranar ba a sake maganar ba. Amma laifin nawa ne, don ban faɗi dokar tun farko ba. Ka sa kowa ya ƙara Hausa a harsunan madannin wayarsa, Gboard yana da ita. Wanda wayarsa ta ƙi, ya rubuta k' ko d' ko b', kai ka gane.

Tagwayen baƙaƙe, wato sh, ts, gw, kw, ƙw, ky da 'yan uwansu, kowane harafi da akwatinsa. Na san a makaranta an koya mana sh da ts a matsayin baƙi guda, kuma malaman ba su yi kuskure ba. Amma a wasa abin da ido ke ƙirgawa ya fi sauƙi: FASHI biyar, YATSA biyar, GWAJI biyar.

Kalma mai alhamza ba ta shiga. Shari'a, ma'aikaci, 'yanci, duk a ajiye su, don za a yi ta gardamar ko alamar tana cin akwati. Wannan ya kuma raba ka da bambancin rubutun Najeriya da na Nijar, inda wasu ke rubuta 'y wasu ƴ.

Ba a ƙara harafin nasaba don cika biyar. KOTUN, GAWAR, JININ, ba kalmomin wasa ba ne, wayo ne. In ka bari sau ɗaya, kowace kalma mai huɗu ta zama mai biyar.

Rubutun daidaitacciyar Hausa ake bi: laifi ba lefi ba, shaida ba sheda ba. In an yi musu ko kalma Hausa ce, a duba ƙamus. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 shi muke ɗauka a matsayin kotun ƙoli. Kalmar da aka ƙi ba ta cin dama, ɗan wasa ya sake turo wata. Tsawon wasali da karin sauti kuwa, tunda ba a rubuta su, ba ruwan wasa da su. Wannan ma riba ce wajen ba da alama: KWAƊO na ƙofa ne a wurinka, amma ba wanda ya hana ka ambaci damina ko zogale.

Mataki na 4: Cakuɗa, lambata, rufe

Kada ka riƙa zaɓar kalma kullum da safe, za a karance ka cikin mako guda. Rubuta kowace kalma a guntun takarda, zuba a hula, sa yaro ya riƙa ciro su, kana rubutawa a littafi: fayil na 1, fayil na 2, da kwanan wata. In kana da Excel ko Google Sheets, sa kalmomin a layi ɗaya, rubuta =RAND() a gefen kowace, ka jera su bisa lambar da ta fito; =LEN() kuma zai nuna maka wadda ba ta cika biyar ba. Bayan haka ka bi jerin da ido, in FASHI da BASHI sun zo a jere ka raba su da mako biyu. Ɗauki hoton shafin ka tura wa wani dattijo da ba ya wasan. Ranar da aka zarge ka da sauya amsa don matarka ta ci, kuma za a zarge ka, hujjarka ke nan.

Mataki na 5: Harafin da ya maimaitu

Nan alƙalai ke zamewa, kuma Hausa cike take da maimaici. Ƙa'idar: kowane harafi na amsar sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Zagaye biyu za ka yi. A na farko ka sa kore duk inda ya dace, kana soke harafin a amsar da ka rubuta a gefe. A na biyu ka bi daga hagu zuwa dama, in harafin na cikin waɗanda ba ka soke ba ka ba shi rawaya ka soke, in babu ka ba shi fari.

Amsa ZARGI, an turo SIRRI. Zagayen farko: R ta uku kore, I ta biyar kore. Zagaye na biyu: S babu. I ta biyu fa? I ɗaya ce a ZARGI kuma an riga an biya ta, fari. R ta huɗu ma haka.

SIRRI ⬜⬜🟩⬜🟩

Amsa FANSA, an turo AMANA. A uku aka turo, biyu ke cikin amsar. Ta ƙarshe kore. Ta farko ta karɓi rawayar da ta rage. Ta tsakiya ta zo an gama rabo. N tana ciki amma ba a gurbinta ba.

AMANA 🟨⬜⬜🟨🟩

Harafi ɗaya, launi uku, a layi ɗaya. Sabon ɗan wasa zai ce ka rikice, sai ka nuna masa wannan misalin. In kuwa ka yi kuskure da gaske, ka faɗa nan take, ka gyara, ka ƙara masa dama ɗaya. Kada ka yi alƙalanci da ka, kana tafiya ko kana cin abinci. Ni sau biyu na yi, sau biyun na ɓata wa mutum wasa.

Mataki na 6: Tsarin yini

Buɗe fayil a lokaci ɗaya kullum, rufe shi a lokaci ɗaya. Mu muna buɗewa da ƙarfe 7 na safe, mu rufe bayan sallar isha'i. Sanarwa a zaure ake yi, amma kowa ta bayan fage yake turo maka kalmominsa, kai ma ta nan kake amsawa. Wanda ya gama, akwatunan kawai zai kai zaure, ba haruffa. Wannan dabarar ce ta yaɗa Wordle: wasu 'yan wasa a New Zealand suka fara rubuta sakamakonsu da akwatunan emoji, Wardle ya gani ya sa ta cikin wasan a Disamban 2021. Kowa ya ga wahalar da ka sha, ba wanda ya ga amsa.

Yi lissafin ƙarfinka. Mutum 15, dama shida-shida, saƙo 90 ke nan a rana mai zafi. Ka sanar da lokutan da kake amsawa, misali safe, bayan azahar, da bayan magariba, don kada a riƙa kiranka kana wurin aiki. Alƙalanci ya riƙa zagayawa mako-mako, kowane alƙali da nasa jerin, in ba haka ba kai kaɗai ne ba za ka taɓa buga wasan da ka ƙirƙira ba. In jama'arka ba su wuce shida ba, akwai hanya mai sauƙi: allo ɗaya a zaure, kowa dama ɗaya, a ci tare a faɗi tare. Wanda ya zubar da damar gida da kalmar banza zai ji a jikinsa.

In akwai mai matsalar bambance kore da rawaya, yi amfani da 🟧 da 🟦, Wordle ma yana da wannan zaɓin.

Mataki na 7: Sa masa rigar shirin

Abin da ya raba wasanka da kowane wasan kalma shi ne ƙamshin CID. Kowace safiya ka buɗe da layi ɗaya na labari, alama ce amma a lulluɓe. Na AGOGO: "Fayil na 12. Mamacin bai ce komai ba, amma abin da ke hannunsa ya tsaya a daidai lokacin." Na GANAU: "Fayil na 20. Abhijeet ya ce ba ya son wanda aka ba labari." Alamar da ta sa aka canka a dama ta farko ta yi yawa. Aikinta ta raba gardama a dama ta huɗu, lokacin da kalma biyu ko uku suka rage.

Sannan muƙami. Wanda ya gano a dama ta ɗaya ko ta biyu ACP ne na ranar, ta uku sufeto, ta huɗu saja, ta biyar kofur, ta shida kurtu. Wanda ya faɗi, a rubuta masa "mai laifi ya tsere". Ban da kuɗi. Da an sa ko katin waya na ɗari biyu, raha ta tafi, satar amsa ta shigo.

Ga 'yan wasa: yadda ake bin sawu

Ranar da alƙalanci ya bar hannunka za ka buƙaci wannan. Koma kan kalmomi 35 ɗin can ka ƙirga. Guda 29 suna da A. A cikin 19, A ce harafi na biyu. Guda 34 da wasali suka ƙare, SAJAN ce kaɗai ta fita zakka. Ma'ana, gano wasula a Hausa ba cin nasara ba ne, kusan kyauta ake ba ka su. Baƙaƙe ne ke ɓoye mai laifi.

Kalmar buɗewa kada ta maimaita harafi. LAIFI tana da daɗin faɗa a wasan 'yan sanda, amma ta zubar da akwati ɗaya. SAURI ta fi ta: wasali uku, da S da R. In ta dawo da fari da yawa, bi ta da WANKE ko BANGO, ka taɓa E ko O tare da N da K ko G. Kafin dama ta uku ka tsaya ka tambayi kanka siffar kalmar. Baƙi biyu ne a tsakiya kamar ZARGI? Wasali biyu ne a jere kamar ƊAURI? Da wasali ta fara kamar IGIYA? In gurbi na biyu ya ƙi karɓar kowane wasali, to tagwaye ne a gaba, irin su TSORO ko SHAƘE, ko kuma da wasali aka fara.

Sai babban rami. Ka samu kore huɗu, _ASHI, kana murna. Bashi, fashi, gashi, kashi, ƙashi, mashi, rashi, tashi: takwas ke nan ba ka ma gama ba, dama uku ta rage maka. Wanda ya bi su ɗaya-ɗaya caca yake yi. Ka danne zuciyarka ka sadaukar da dama ɗaya a kan kalmar da ka san ba ita ba ce, amma tana ɗauke da waɗanda ake zargi da yawa. GARMA za ta yi wa G da R da M tambayoyi a zama ɗaya. In duk sun kuɓuta, TAFKI za ta kama T ko F ko K. In ita ma ba ta kama kowa ba, saura BASHI da ƘASHI, sai ka koma ga alamar safe: maganar ɗakin gwaji aka yi, ko maganar dalili? Wordle yana da wani tsari mai tsauri da ke tilasta wa mutum ya riƙa amfani da duk harafin da ya gano. Kada alƙali ya ɗora wannan a wasan Hausa, da irin waɗannan dangin kalmomi zai zama kisan mummuƙe.

Abubuwan da za su taso daga baya

Mata da miji ko 'yan ɗaki ɗaya za su fara cankowa a dama ta biyu kullum. Kada ka yi wa'azi, ka haɗa su su zama ɗan wasa ɗaya. Jeri zai ƙare. A wata na uku ka nemi kowa ya turo maka kalma biyar a ɓoye, kuma kalmar da ta yi wata huɗu da fita tana iya dawowa.

Wani zai ce a mayar da shi shafin intanet. Akwai shafukan da ke ba ka damar sa kalmarka ka raba mahaɗi, amma ka fara gwada su da ƘASHI da KWAƊO, don da yawa madanninsu na Turanci ne zalla. In kuma wani ɗan gida mai ilimin kwamfuta zai gina naku, ya raɗa masa sunansa daban, ya zaɓi kamanninsa daban. A Maris ɗin 2024 New York Times ta kai ƙorafin haƙƙin mallaka ga GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu, a kan ɗaruruwan kwafin wasanta. Tambari da hotunan CID ma suna da masu su, ba a kwashe su a liƙa a shafin da ake neman kuɗi da shi.

Ga na gwaji, amsar tana cikin kwandunan sama. Fayil na 1: an turo wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa, ba sa hannu, an ce kada a kira 'yan sanda.

SAURI 🟨🟩⬜⬜⬜
WANKE ⬜🟩🟩⬜⬜

Dama huɗu ta rage maka, amma muƙamin sufeto a ta ukun nan kawai yake.